Bututu Mai Bugu: Tarihin Wata Na'ura da Aka Ƙera Don Inda Mutum Ba Ya Shiga

A safiyar ranar 9 ga Mayun 2017, ma'aikata a Hanford, wani makeken fili da ke jihar Washington a arewa maso yammacin Amurka, suka tarar rufin wani tsohon rami ya rufta. Nan take aka umarci dubban mutanen da ke aiki a filin su shige ɗakuna su rufe ƙofa. Ramin hanyar jirgin ƙasa ce da aka gina da katako aka binne da ƙasa. A cikinsa akwai taragu 8 da aka loda wa manyan kayan aikin wata masana'anta da suka lalace, aka tura su ciki, aka rufe ƙofa tun tsakiyar shekarun 1960. Ba a gyara kayan ba, domin tiririn nukiliyar da ke fita daga jikinsu ba zai bari kowa ya kusance su ba tare da ya cutu ba.

Masana'antar da ta fitar da waɗannan taragu ana kiranta PUREX, kuma ita ce ta tace mafi yawan fulutoniyom ɗin da Hanford ta samar wa makaman nukiliyar Amurka. Dokar aiki a cikinta mai tsanani ce. Duk abin da ya lalace, babu makanikin da zai shiga da sifana, sai dai a ciro shi daga nesa da injin ɗaga kaya, a kai shi rami. Wanda yake aiki a ƙarƙashin irin wannan doka, babban burinsa na'urar da ba ta da abin lalacewa a cikinta.

A nan za mu bi tarihin na'urar da ta fi kusa da cika wannan buri. Wani dogon bututu ne a tsaye, wanda ruwan cikinsa yake bugawa sama da ƙasa kamar jini a jijiya, don haka za mu kira shi bututu mai bugu. Sunansa ba ya fitowa a labarai, amma yana da hannu a yawan bama-baman da aka tara lokacin Yaƙin Cacar Baka, yana da hannu a harkar lantarkin Faransa, kuma ta wannan hanya labarinsa ya taɓo Arlit a Jamhuriyar Nijar.

Darasin tukunyar miya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunyar miyar dage-dage ya ga asalin wannan ilimi da idonsa. Man gyaɗa yana shiga tukunya da launinsa na rawaya-rawaya, amma idan miya ta nuna ya taso sama, sai mu gan shi ja wur. Jan na tumatir da tattasai ne. Sinadarin da ke ba su launi ya fi son zama cikin mai a kan ruwa, shi ya sa ya yi ƙaura. Gishiri kuwa ya fi son ruwa, sai ya tsaya a ƙasa. Ba a tace da rariya ba, amma an raba abu biyu da suke a haɗe, ta hanyar ba kowanne gidan da ya fi so.

A 1872 wasu Faransawa masana sinadarai biyu, Marcellin Berthelot da Émile Jungfleisch, suka nuna cewa wannan rabo yana bin ƙa'ida: abu yakan kasa kansa tsakanin ruwayen biyu bisa wani ma'auni tsayayye. A 1891 Bajamushe Walther Nernst ya daidaita ƙa'idar, har ta kai ana kiranta da sunansa. Abin da take nufi a aikace shi ne wanki ɗaya ba ya fitar da komai duka. In kashi 9 cikin 10 ya koma cikin mai a karon farko, akwai sauran kashi 1, sai an sake da sabon mai, a kuma sake.

Daga nan injiniyoyi suka fito da dabarar sa ruwayen biyu su yi tafiyar gaba da gaba. A kafa bututu a tsaye, a zuba mai nauyin ta sama yana gangarowa, a tura mara nauyin ta ƙasa yana hawa. Duk inda suka haɗu a hanya ana musayar kaya. A can ƙasa, sabon mai yana cin karo da ruwan da an kusa kwashe masa komai, sai ya tsince ragowar. A can sama kuma, man da ya kusa ƙoshi yana cin karo da ruwan da ya shigo cike da kaya, sai ya ƙara ɗan abin da zai iya ɗauka. Bututu ɗaya ya yi aikin wanki da yawa ke nan.

Sai dai akwai buƙatu biyu da suke karo da juna. Musayar tana faruwa ne kawai a inda ruwa da mai suka taɓa juna, don haka ana son a farfasa ɗayansu ya zama ƙananan ɗigo masu ɗimbin yawa. Amma in ɗigon ya yi ƙanƙanta ainun, ba zai ƙara warewa ba, sai abin ya koma kamar madara. Ana son a dama sosai, ana kuma son a raba sosai, kuma kowace na'ura a wannan fanni ƙoƙarin sasanta waɗannan biyu take yi.

Takardar da ta jira lokacinta

Masu tace man fetur ne suka fara kai wannan ilimi ga manyan masana'antu. A 1908 wani masanin sinadarai ɗan Romaniya, Lazăr Edeleanu, ya fito da hanyar wanke kananzir da wani sinadarin farar wuta da aka mayar ruwa, don cire abubuwan da ke sa fitila hayaƙi. Bututan wancan zamani akan cika su da ƙananan zobba na tangaran ko ƙarfe, ta yadda ɗigon zai riƙa karo da su yana farfashewa. Babu wani ƙarfi da ke aiki a ciki sai bambancin nauyin ruwayen biyu, kuma wannan ƙarfi kaɗan ne. Sakamakon haka, in ana son aiki mai kyau sai an yi bututun dogo ƙwarai.

A 1935 wani ɗan ƙasar Holan mai aiki da kamfanin Shell, Willem van Dijck, ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Amurka kan wata dabara ta daban. A maimakon zobba, a jera faranti masu huji-huji kamar rariya, ɗaya a kan ɗaya, daga ƙasan bututun har samansa. Sannan a kawo ƙarfi daga waje ta ɗayan hanya biyu: ko a riƙa girgiza farantan sama da ƙasa, ko a bar su a kafe a riƙa buga ruwan kansa yana kai da komo ta cikin hujin.

Dabarar ta yi shekara goma da 'yan kai ba ta sami kasuwa ba, kuma ba wuya mu ga dalili. A matatar mai, doguwar hasumiya a fili ba ta da wata tsada ta a zo a gani. In kuma an sa injin damawa a ciki ya lalace, a tsayar da aiki, makaniki ya shiga ya gyara. Van Dijck ya warware matsalar da ba ta riga ta dami kowa ba.

Yaƙi ya kawo matsalar

A farkon 1941 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka tabbatar da samuwar fulutoniyom, wani ƙarfe da ake haifarwa idan yuraniyom ya zauna cikin tukunyar nukiliya. Da Amurka ta yanke shawarar yin bam da shi, aka zaɓi Hanford a bakin kogin Kolambiya. Wahalar ita ce fulutoniyom ɗin da ke cikin tan guda na yuraniyom ɗin da aka fitar daga tukunya bai kai rabin kilo ba, kuma yana cakuɗe da burbushin ƙwayoyin da suka fashe, waɗanda tiririnsu ke kashe mutum.

An san hanyar wanki da mai a lokacin. A 1942 kamfanin Mallinckrodt a birnin St. Louis ya tsarkake yuraniyom ɗin tukunyar nukiliya ta farko a duniya, wadda ta fara aiki a Shikago ranar 2 ga Disamban shekarar, ta hanyar wanke shi da ita, sinadarin nan da ake sa marar lafiya barci da shi a da. Amma ita yana kama wuta da ɗan tartsatsi. A Hanford sai aka zaɓi wata hanya da aka fi amincewa da ita, wadda Stanley Thompson ya tsara: a narkar da ƙarfen a asid, a zuba wani sinadari da zai kwanta a ƙasa kamar yadda gasara take kwanta a roba, ya ja fulutoniyom tare da shi, a tsiyaye ruwan, a sake narkarwa, a maimaita.

Masana'anta ta farko ta fara aiki a Disamban 1944. Tsawon ginin ya kai kimanin mita 240, bangayen ɗakunan aikin na kankare ne mai kaurin kusan mita 2, kuma mai sarrafa injin ɗaga kaya yana leƙen aikinsa ne ta madubai daga bayan katanga. Daga nan aka sami fulutoniyom ɗin bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agustan 1945, wanda ya hallaka dubun-dubatar mutane.

Hanyar ta yi aikin da aka sa ta, amma tana da ɓarna. Fulutoniyom kaɗai take tsamowa. Yuraniyom ɗin gaba ɗaya, tan bayan tan, yana bin sharar zuwa manyan tankuna a ƙarƙashin ƙasa. Alhali a lokacin yuraniyom abu ne mai wuyar samu, mafi yawan wanda Amurka ta yi amfani da shi a yaƙin daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a Kwango ƙarƙashin mulkin Beljiyam. Da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin a Agustan 1949, buƙata ta ninka, ɓarnar kuma ta zama abin da ba za a jure ba.

Sai aka koma ga wanki da mai. A 1952 Hanford ta buɗe masana'antar REDOX, mai amfani da wani mai da ake kira hekzon, cikin tsofaffin bututai masu zobba. A nan tsawo ya zama bala'i. Kowace mita da aka ƙara wa bututu, sai an ƙara mita guda ta katangar kankare mai kauri kewaye da shi, har ginin ya fitar da hasumiya mai tsawon bene da yawa. Ga hekzon mai saurin kama wuta, ga tarin gishirin alminiyom da ake zubawa don a tilasta wa yuraniyom shiga mai, wanda shi ma a tankin shara yake ƙarewa.

Maganin ya zo ta fuska biyu. Ta fuskar sinadari, an gano amfanin wani mai da ake taƙaita sunansa da TBP, wanda in an sirka shi da kananzir, kimanin kashi 30 cikin 100, yana cafke yuraniyom da fulutoniyom daga cikin asid ɗin naitirik ya bar sauran dattin a baya. Ba ya saurin kama wuta, kuma asid ɗin kansa ne yake yin aikin gishirin, ana iya dafa shi a dawo da shi. Herbert Anderson da Larned Asprey ne suka nemi takardar mallakar wannan hanya a 1947, ita ce aka san ta da PUREX. Ta fuskar na'ura kuwa, aka zaƙulo dabarar van Dijck, aka ɗauki hanyarsa ta biyu, wato a bar faranti a kafe a buga ruwan. A 1952 aka sa irin waɗannan bututai a wata masana'antar Hanford don kwato yuraniyom ɗin da aka zubar a tankuna. A Janairun 1956 babbar masana'antar PUREX ta fara aiki da su.

Yadda yake aiki, da inda yake gazawa

Mu leƙa cikin bututun. A tsarin da ya zama ruwan dare, faɗin kowane huji kimanin milimita 3 ne, tsakanin faranti da faranti kimanin santimita 5, kuma hujin duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar farantin ba. Hujin ya yi ƙanƙanta da ruwayen za su riƙa wucewa da kansu yadda ake so. Mai yakan taru a ƙarƙashin faranti, ruwan asid ya taru a kansa. Idan bugu ya tura sama, sai man ya tsarto ta hujin ya zama ɗigo. Idan ya ja ƙasa, sai ruwan ya biyo. Tsawon bugun bai fi gaɓar yatsa ba, yawansa kuma bai yi nisa da bugun zuciyar mutum ba, wajen sau ɗaya a daƙiƙa.

A cikin bututun kansa babu abin da ke juyawa ko gogar wani, ƙarfe ne kawai a kafe. Injin bugun yana gefe, ana iya cire shi a canza. Daga baya ma aka koma amfani da iska mai matsi da ake hurawa ana saki ta wani bututu na gefe, ta yadda abin da ke motsi yana bayan katanga, inda mutum zai iya taɓa shi. Kuma bututun yana yin aikin mai zobba a rabin tsawonsa, wani lokaci ƙasa da haka.

Amma ƙwazonsa yana cikin wani ɗan tsukin wuri. A 1954 wasu injiniyoyin Hanford biyu, Sege da Woodfield, suka wallafa bayanin halayensa wanda har yau da shi ake koyarwa. In bugu ya yi rauni ƙwarai, bai isa ya tura abin da ake zubawa ba, sai bututun ya shaƙe, mai ya fita ta ƙofar ruwa, ruwa ya fita ta ƙofar mai. In an ɗan ƙara, yana aiki lafiya lau, ruwayen suna haɗuwa suna rabuwa tsakanin kowane faranti, amma ɗigon manya ne, musayar ba ta da yawa. In an ƙara kuma, ɗigon yana zama ƙanana masu kama da juna, ba sa samun sukunin haɗewa, kuma a nan ne aiki ya fi kyau. Kaɗan gaba da nan sai abu ya rikice, ɗigo ya riƙa dunƙulewa yana watsewa ba tsari. Taki ɗaya gaba, sai wata shaƙewar, wannan karon saboda bugu ya yi yawa, ɗigon ya yi ƙanƙantar da ba zai iya hawa ba. Wurin da ya fi kyau a yi aiki yana maƙwabtaka da wurin da komai ke lalacewa, kuma mai kula da shi ba ya ganin cikinsa, allurar ma'auni kawai yake karantawa.

Akwai wasu matsalolin. Bugun da ke farfasa ɗigo shi ne kuma yake mayar da wani ɓangare na ruwan baya, ya gauraya wanda aka wanke da wanda ba a wanke ba, ya rage ribar tafiyar gaba da gaba. In bututun ya yi faɗi, ruwayen sukan bi gefe guda su bar wani gefen, sai an riƙa sa wasu faranti na musamman masu karkatattun huji don su sake watsa su. Hatta abin da aka yi farantin da shi yana da tasiri: ƙarfe ya fi jiƙuwa da ruwa, roba ta fi jiƙuwa da mai, kuma in farantin ya yi datti halinsa ya canza, aikin bututun ma yana canzawa. Shi ya sa sakamakon ƙaramin bututu a ɗakin gwaji ba ya isa hujja, sai an gwada babba.

Yana da abokin hamayya, wato jerin akwatuna a kwance, kowanne da ɗakin damawa da ɗakin kwantarwa. Da su masana'antar Savannah River a jihar Karolina ta Kudu ta fara aikin PUREX a 1954. Akwatunan ba sa buƙatar dogon gini, kuma in an tsayar da aiki kowane akwati yana riƙe da abin da ke cikinsa, a dawo a ci gaba. Bututu kuwa in bugu ya tsaya, tsarin cikinsa yana wargajewa. Amma man yana daɗewa cikin akwatuna, tiriri kuma yana dafa TBP ya mayar da shi wani sinadari mai riƙe datti. A bututu man yana wucewa da sauri, ga shi bugun yana hana laka kwanciya. Duk lokacin da kayan da za a tace suka fi zafi, bututu yakan fi cin riba.

Siffa a matsayin kariya

Akwai wani haɗari da babu irinsa a matatar mai. In fulutoniyom ko ingantaccen yuraniyom ya taru da yawa a wuri mai faɗi, fashewar ƙwayoyinsa takan kama da kanta, ta saki tiriri mai kisa cikin ƙiftawar ido. A wuri siriri kuwa, ƙwayoyin niyutiron da ke hura wannan wuta suna tserewa ta gefe. Sirantar bututu ta zama kariyar da ba ta dogara da farkawar ma'aikaci ba.

Amma kariyar tana da iyaka. A ƙarshen kowane bututu akwai wani ɗan wuri mai faɗi inda ruwayen suke kwantawa su rabu. Ranar 17 ga Oktoban 1978, a wata masana'antar gwamnatin Amurka a jihar Idaho, wutar ta kama a irin wannan wuri a ƙasan wani bututu. Bincike ya nuna wani famfo ne ya riƙa yoyo, ruwa yana tsinka ɗaya daga sinadaran aikin a hankali, ƙararrawar da ya kamata ta sanar ba ta aiki, yuraniyom ya riƙa komawa inda bai kamata ba yana taruwa. Babu wanda ya jikkata, saboda katangar kankare ta tare tiririn. Bututun bai karye ba, bai tsaya ba. Abin da aka zuba masa ne ya canza ba tare da an lura ba.

Daga sirri zuwa kasuwa

A 1955, a babban taron Janeba kan amfani da nukiliya don zaman lafiya, aka buɗe bayanai da yawa na wannan fanni ga duniya. Indiya ta gina masana'antar PUREX a Trombay kusa da Bombay a 1964, kuma ranar 18 ga Mayun 1974 ta gwada bam da fulutoniyom ɗin da ta tace a can. Wannan ya girgiza Amurka. A Afrilun 1977 Shugaba Jimmy Carter ya dakatar da tace ragowar makamashin tashoshin lantarki a ƙasarsa, bisa hujjar cewa masana'antar da ke tsamo fulutoniyom don lantarki ita ce dai mai tsamo shi don bam.

Faransa ta bi wata hanya. A La Hague, a gaɓar tekun Nomandi, ta faɗaɗa masana'antarta, inda sabon sashe mai suna UP3 ya fara aiki a 1990. Don a tace kaya da yawa ba tare da an rasa kariyar siranta ba, aka yi bututu cikin bututu, ruwayen suna bi ta tsukin da ke tsakaninsu. Wurin yana da izinin tace tan 1,700 a shekara. A cikin sandunan makamashin da suka gama aiki, kimanin kashi 95 cikin 100 yuraniyom ne, kashi 1 fulutoniyom, sauran kuma shara mai zafi da ake narkarwa cikin gilashi a adana. Fulutoniyom ɗin ana haɗa shi da yuraniyom a yi sabon makamashi.

Ba kowa ya ji daɗin harkar ba. Masana'antar THORP a Sellafield ta Ingila, wadda ita ma da bututai masu bugu aka gina ta, ta buɗe a 1994. A Afrilun 2005 aka gano wani bututun tura ruwa ya tsage, lita 83,000 ta tsiyaye cikin wani ɗaki mai katanga tsawon watanni ba a sani ba. An daina tacewa a can a 2018. A Rokkasho ta Japan an fara gini a 1993, kuma an ɗage ranar kammalawa sama da sau 20. Ba bututu mai bugu ne ya kayar da waɗannan ayyuka ba. Tsada ce, da wahalar sarrafa shara, da tsauraran dokokin kariya. Shi kam ya fita ma daga katangar kankare, domin an yi amfani da manyan irinsa a mahaƙar Olympic Dam ta Ostireliya wajen tace yuraniyom daga dutse, da kuma a Goro ta Sabuwar Kaledoniya wajen tace ƙarfen nikel.

Inda zaren ya taɓo mu

A 1971 kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas. A 1978 mahaƙar COMINAK ta ƙarƙashin ƙasa a Akuta ta bi sahu, ta yi aiki har Maris ɗin 2021. Mutane da yawa daga kudancin Nijar sun yi ƙaura zuwa can neman aiki, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwar garin. Shekaru da dama garin yuraniyom yana barin Arlit cikin durom-durom a manyan motoci zuwa tashar ruwan Kwatano, daga nan zuwa Malvési a kudancin Faransa, inda ake narkar da shi a asid ɗin naitirik a wanke shi da TBP, man nan da aka fara gwada ƙarfinsa a masana'antun bam. Wani ɓangare nasa ya shiga tashoshin lantarkin Faransa, ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake, bayan wasu shekaru kuma ya isa La Hague, ya bi ta cikin faranti masu huji.

In mun bi wannan zare daga farko zuwa ƙarshe, za mu ga tsakiyarsa ce ta fi samun kulawa. A nan aka zuba basira, har aka kai ga rage dattin da ke cikin yuraniyom sau miliyan ba tare da hannun mutum ya taɓa shi ba. Amma bututu yana da ƙofa biyu. Ta sama mai yake fita da abin da ake so, ta ƙasa ruwa yake fita da abin da ba a so, kuma rabawa ba ta rage ko ƙwaya ɗaya daga cikinsa. A Hanford akwai tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa, ɗauke da sama da lita miliyan 200 na sharar hanyoyin tacewa uku da muka ambata, fiye da 60 daga cikinsu ana zargin sun yi yoyo, kilomitoci kaɗan daga kogin Kolambiya. An daina samar da fulutoniyom a can tun ƙarshen shekarun 1980, amma aikin kwashe sharar zai ci wasu shekaru da dama nan gaba. A Arlit kuma akwai miliyoyin tan na dusar dutsen da aka tatse, jibge a bakin gari, kuma ƙungiyoyin mazauna yankin sun daɗe suna kokawa kan ƙurarta da kuma ruwan shansu.

Ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya da Gana, suna maganar gina tashoshin lantarki na nukiliya, kuma duk wanda ya kwana cikin zafin Afrilu babu wuta ya san dalilin da ya sa maganar take da daɗin ji. Idan aka zo mana da ita, za a nuna mana hoton ƙofar sama. Haƙƙinmu ne mu tambayi ta ƙasa: ina abin da zai fita ta can za shi, wa zai tsare shi, da kuɗin wa, har tsawon shekara nawa.

Ramin Hanford da ya rufta an cika shi da siminti kafin ƙarshen 2017, taragun 8 suna ciki. Kusa da shi akwai rami na biyu, wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, mai ɗauke da taragu 28. Da injiniyoyi suka auna ƙarfinsa suka ga shi ma yana iya ruftawa, sai aka cika shi da siminti.